Baƙo a Hartum, kafin ka biya kuɗin aikido je ka ga yadda ake koya faɗuwa

Makonni biyu da suka wuce, bayan sallar isha'i, ƙanena ɗan baffana ya same ni a ƙofar gida a nan Soba, riƙe da waya. Watansa biyu ke nan da barowa Mai Wurno. Ya samu ɗan aiki a wani shagon kayan gini, yana kwana a ɗakin baƙinmu. Ya nuna mini bidiyon wani dattijo ɗan Japan, mutum huɗu na kawo masa hari yana watsar da su kamar buhunan auduga.

Ya ce: "Yaya, an ce ka taɓa yin wannan abin. Ina zan je in koya? Na ga wani yana talla a Facebook, wai cikin wata uku zan iya ƙwace wuƙa daga hannun ɗan tis'a ɗawila."

Na ce: "To shi wannan, ka fara cire shi daga lissafi."

Ya yi dariya, ya ɗauka wasa nake. Da gaske nake, kuma tun da na san akwai irinsa da yawa cikin samarinmu da ke shigowa Hartum da Omdurman daga Sinnar, Gadarif, Kasala da Damazin, na ga ya kamata in rubuta amsar a fili. Ra'ayina shi ne: sabon shiga da ya sauka a garin da bai sani ba, malami zai nema. Sunan kulob, launin ɗamara da hotunan da ke bango duk suna zuwa daga baya. Hanyar gane malamin kuwa ita ce ka je ka zauna a gefe, ka ga yadda yake koya wa mafi rauni a ajinsa faɗuwa.

Bari in fara da ɗan bayani ga wanda bai san abin ba. Aikido dabarar kare kai ce ta Japan, wadda Morihei Ueshiba ya tsara. An haife shi a 1883, ya rasu a 1969, kuma a 1942 ne aka tsayar da wannan suna. Ginshiƙinta shi ne kauce wa layin hari, ka karɓi ƙarfin wanda ya kawo maka farmaki ka juya shi, sannan ka kayar da shi ko ka riƙe masa gaɓa, galibi wuyan hannu, gwiwar hannu ko kafaɗa. Babbar cibiyarta, Aikikai, tana unguwar Shinjuku a Tokiyo, kuma jikan Ueshiba, Moriteru, ke shugabantarta tun 1999. Akwai rassa: Yoshinkan na Gozo Shioda da aka kafa a 1955, mai tsauri da ƙa'ida, wanda 'yan sandan Tokiyo suka daɗe suna horo da shi, tsarin Kenji Tomiki mai ɗauke da gasa, da na Koichi Tohei da ya bar Aikikai a 1974 ya ba da ƙarfi ga numfashi da natsuwa. In ka shiga intanet za ka tarar da mabiyan waɗannan rassa suna ta musu a kan wane ne na asali. Kai da ba ka taɓa taka katifa ba, wannan musu bai shafe ka ba tukuna. A shekararka ta farko duk inda ka je abu ɗaya za ka yi ta yi: tsayuwa, taku, da faɗuwa.

A nan ne al'adarmu ke shigowa. Mu Hausawa mun tashi da dambe da kokawa. A dambe, da zarar gwiwa ko hannu ya taɓa ƙasa sai a ce an kashe ka. Sunan Shago bai tsaya a bakin mutane ba sai don mazajen da ya kayar. Wanda ya taɓa zuwa kallon kokawar Nuba a Haj Yusuf da yammacin Juma'a kafin yaƙi ya san ihun da ake yi in bayan mutum ya taɓa rairayi. A kunnenmu faɗuwa abin kunya ce. A aikido kuwa rabin darasi faɗuwa ne. Ana aiki bibbiyu: ka kayar da abokinka sau huɗu, shi ma ya kayar da kai sau huɗu, haka har a tashi. Suna kiran wannan fanni ukemi, wato iya karɓar kaye: ka mirgina ta kafaɗa, ka kare kai da wuya, ka miƙe ba ciwo. Wanda bai iya shi ba, duk dabarar da aka gwada a jikinsa haɗari ce gare shi.

Na san haka da jikina. A 2018 aka turo ni koyarwa Soba, ban san kowa ba sai shugaban makarantarmu. Wurin farko da na je kusa yake da gida, ɗakin ajiya ne da aka share, an shimfiɗa wata siririyar darduma a kan siminti. Malamin yana da murya da kwarjini. A rana ta biyu ya kira ni gaban aji ya gwada murɗa wuyan hannu da ni, don yara su gani. Ba wanda ya nuna mini yadda zan bi juyin. Na faɗi a kan kafaɗar dama. Sati uku ina rubutu a allo da hannun hagu, ɗalibaina suna ƙunshe dariya. Da na koma na gaya masa sai ya ce ai namiji ba ya raki. Ban sake komawa ba.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ina da ilimin da zai hana ni wannan wahala, ban yi amfani da shi ba. A kwalejin horon malamai, lokacin gwajin koyarwa, mai duba mu kan shigo ya wuce can bencin baya ya zauna. Ba ya damuwa da yaron da ke ɗaga hannu a gaba. Idonsa na kan wanda ya yi shiru a lungu: shin malami ya lura da shi? Ya kira sunansa? In ya ba da amsar da ba daidai ba, an gyara masa ko an mayar da shi abin dariya? Wannan awon shi ne na zauren horo. Ka nemi izinin kallon darasi guda daga farko har ƙarshe, kafin ka fitar da ko fam ɗaya. Malamin kirki ba ya hana kallo. Gani ya kori ji.

In ka zauna, ka bar kallon masu baƙar ɗamara, ai su sun riga sun iya. Nemo wanda ya zo makon jiya. Shin an ware shi gefe ana koya masa mirginawa daga durƙushe, sannu-sannu, ko an jefa shi cikin manya? In an riƙe masa hannu ya buga katifa da tafinsa, alamar ya ji zafi ke nan, shin ana sakinsa nan take? Manyan ɗalibai suna zuwa da kansu su yi aiki da sababbi, ko kowa na gudunsu? Ka duba mutum nawa ne ke ɗaure da bandeji a wuyan hannu da gwiwa. Ka duba ko akwai masu furfura a ajin, domin inda ake karya mutane ba a tsufa a cikinsa. Ka taka katifar da ƙafarka, ka ji ko akwai rata tsakanin gutsattsarinta inda yatsa zai maƙale. A halin da muke ciki kuma, ka tambaya ko masana sun duba ginin da filinsa bayan yaƙi, tun da har yanzu ana gargaɗi a kan ragowar harsasai da bama-baman da ba su fashe ba a unguwannin Hartum. Wannan tambaya ba rashin kunya ba ce.

Sai batun takarda. Ka tambayi malami a wurin wa ya koya, shekara nawa, kuma wa ya ba shi matakinsa. Wanda ya koya da gaske yana jin daɗin wannan tambaya, zai ma ja ka da labarin malaminsa har ka gaji. Masu matakin dan na Aikikai daga Tokiyo takardarsu ke fitowa. Amma kada takarda ta rufe maka ido. Mu malaman makaranta mun san mai digiri biyu da ba ya iya riƙe aji, mun kuma san tsohon malamin firamare da yara ke iya karatu a hannunsa cikin zango ɗaya. Takarda tana nuna mutum ya koya. Iya koyarwa a aji ake ganinsa.

Ga lissafin da na yi wa ƙanena a kan maganar wata uku. A ita kanta cibiyar Tokiyo, mafi ƙarancin kwanakin horo kafin jarrabawar matakin farko 30 ne, sai 40, sai 50, sai wasu 50, sai 60, sannan 70 kafin baƙar ɗamara ta farko. Jimilla kwana 300 na horo, ba na kalanda ba. In kana zuwa sau biyu a mako ba fashi, ka doshi shekara uku, kuma ƙungiyoyi da yawa a wasu ƙasashe suna neman fiye da haka. Ita ma baƙar ɗamarar, a wurinsu alama ce ta ka kammala share fage. To wanda ya ce maka wata uku, ko dai bai sani ba, ko kuɗinka yake so. Haka wanda ya ce sai ka biya na shekara gaba ɗaya, ko sai ka sayi riga da wando a hannunsa tun ranar farko. Ka tura na wata ɗaya ta Bankak, ka je da wandon motsa jiki da riga mai kauri. In wurin na zama ne, kaya ba sa gudu.

Na uku shi ne nisa, kuma shi ne abin da baƙo ya fi rainawa. Bayan kafaɗata ta warke sai aka kwatanta mini wani malami a Omdurman. Gaskiya ya iya, ajinsa tsaf. Amma daga Soba sai na hau hafila ta hanyar Madani zuwa tsakiyar gari, in sauka in nemi wata a Jakson, a tsallaka Farin Nilu cikin cunkoson yamma, sannan raksha. In dawo gida bayan isha'i, ga littattafan yara arba'in da wani abu suna jiran jan biro. Na yi sati biyar na sare. A lokacin ma gadoji duk suna tsaye. Yau gadar Shambat da ta haɗa Bahri da Omdurman ta karye tun Nuwamban 2023, kuɗin mota ya ninka, wutar lantarki sai a hankali, kuma ba kowace unguwa ake son a bi da dare ba. Baƙo yana kallon taswira a waya ya ga gari uku a manne da juna, ya ɗauka tafiyar minti ashirin ce. Ka gwada hanyar da ƙafarka, a ranar aiki, a daidai lokacin darasin, zuwa da dawowa. Malami matsakaici mai amana da za ka iya zuwa wurinsa sau biyu a mako har shekara uku ya fi maka gwani da za ka gani sau biyar ka daina. Ka kuma tuna da zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40: ɗaki mai rufin kwano ba taga, da ƙarfe huɗu na yamma, ba wurin mirgine-mirgine ba ne. Ka riƙe ruwan shanka daga gida.

Yanzu ga maganar da na san da yawa cikin masu karatu na jira, wato sunkuyawa. Gara a faɗe ta yadda take. A zauren aikido na gargajiya ana sunkuyar da kai in za a shiga, ana yi wa abokin horo, sannan a farkon darasi da ƙarshensa a zauna a kan gwiwoyi a fuskanci bangon gaba, inda galibi hoton Ueshiba yake, a kai goshi kusa da katifa. A wasu wuraren har da tafi. Shi Ueshiba mabiyin addinin Omoto ne, kuma ya gina wurin bauta a garin Iwama. Mafi yawan masu horo a duniya yau gaisuwa kawai suka ɗauki abin, kuma aikido ya yaɗu sosai a ƙasashen Musulmi irin Maroko, Aljeriya, Masar, Turkiyya da Indunusiya. Na ji masu cewa ai mu ma muna durƙusa wa iyaye da sarakuna. Haka ne, amma ita ma wannan durƙusawar malamanmu sun daɗe suna magana a kanta. Ni ba mai fatawa ba ne, kowa ya tambayi malamin da ya yarda da shi. Abin da na tsaya a kai wa kaina shi ne goshina ba ya sauka ƙasa don hoto ko don mutum. Nakan tsaya, in ɗora hannu a ƙirji, in yi sallama.

Shawarata ita ce ka yi wannan tambaya tun kafin ka biya, cikin ladabi, kai da malamin kaɗai. Amsarsa za ta nuna maka halinsa fiye da kowace takarda. A Hartum kusan kowa a zauren Musulmi ne, don haka sau da yawa za ka tarar an riga an daidaita abin, an cire hoton ko an bar gaisuwa a tsaye. Ɗan'uwanmu da ke karanta wannan daga Kampala, Nairobi ko wani birnin Turai, shi ne zai fi bukatar yin bayani. In malami ya saurare ka ya ce ka girmama wurin ta yadda addininka ya yarda, ka samu na zama. In ya ɗaure fuska ya ce ko ka yi ko ka fita, to ka gode masa ka fita, ya rage maka wahala. Haka za ka tambayi batun magariba in darasi na ratsa ta. Malamin da na ƙare a hannunsa, a wani zauren matasa da ba shi da nisa da mu, da an kira salla sai ya tafa hannu sau ɗaya, a juya katifun su zama sahu. A wurinsa na zauna har safiyar 15 ga Afrilun 2023 ta watsa mu.

'Yan'uwa mata ma suna tambaya, kuma suna da gaskiya, domin abin da mata suka gani a wannan yaƙi ya isa ya sa kowace ta so sanin yadda za ta ƙwace hannunta ta gudu. Aikido riƙe-riƙe ne daga farko har ƙarshe, don haka tambayar ita ce: akwai ajin mata, ko mace mai koyarwa, ko aƙalla wata ɗaliba da za ku riƙa aiki tare? Ki je da 'yar'uwa ko ƙawa, ku shiga tare. Ki nemi ɗankwali mai shiga kai wanda ba ya bukatar allura, domin allura a kan katifa haɗari ce ga kowa. Duk malamin da ya ce sai an rufe ƙofa, ko ya hana iyaye da miji zama kallo, a bar shi da zaurensa.

Akwai suka biyu da nake ji, kuma ba zan yi kamar ba su da tushe ba. Na farko, wai aikido ba ya aiki a titi. Akwai ƙamshin gaskiya. A yawancin rassansa ba a gasa, abokin horonka yana ba ka haɗin kai, don haka mutum na iya shekara biyar bai taɓa gamuwa da wanda ya turje da gaske ba. In abin da kake so shi ne ka gwada ƙarfinka da mai turjiya, judo ya fi dacewa da kai. Jigoro Kano ne ya kafa shi a 1882 (sunan kawai ya zo ɗaya, ba shi da haɗi da Kanon Dabo), ya shiga gasar Olamfik a 1964, kuma faɗuwar da ake koyarwa a can 'yar'uwar ta aikido ce. Karate da taikwando ma sun fi aikido yawan wurare a Hartum. In ka samu malamin judo nagari a unguwarku, aikido kuwa sai ka tsallaka kogi, ka shiga judon da zuciya ɗaya. Amma batun wuƙa da bindiga, ba aikido ba, ba judo ba, ba dambe ba: in an tare ka, miƙa wayar. Ana sayen wata waya. Malamin da bai gaya wa ɗalibansa haka ba, yana wasa da rayukan 'ya'yan mutane.

Suka na biyu daga dattawa yake zuwa: ana fama da abin sawa a baki, gidaje ba ƙofofi, yaƙi bai ƙare a Kurdufan da Darfur ba, kai kana maganar wasan Japanawa? Na fahimce su. Amma ni ina aji kullum. Ina ganin yaran da suka dawo daga gudun hijira, wanda ƙarar faɗuwar murfin tukunya ke sa shi shiga ƙarƙashin benci, da wanda ɗan taɓi kaɗan sai ya kai naushi. Samarin da suka girme su kuma sun shekara biyu suna kallon wanda ke riƙe da bindiga shi ne mai magana. Wurin da saurayi zai je sau biyu a mako, a riƙe masa hannu ya riƙe na wani, ya koyi tsayawa da zarar ɗan'uwansa ya ce ya ji zafi, a kayar da shi ya tashi ba gaba, wannan wuri yana cikin gyaran gari kamar yadda gyaran famfo yake. Shi ya sa zaɓen malamin ke da nauyi. In aka samu mai koya wa yara cewa namiji ba ya raki, an ƙara wa wutar itace ne kawai.

Ga baƙo kuma akwai wata riba. Mu da ake yi wa kallon baƙi a ƙasar da kakanninmu suka zauna tun bayan yaƙin Burmi na 1903, har ma kafin nan a kan hanyar hajji, mun saba in mun shigo birni mu lafe a cikin 'yan'uwa. A kan katifa na yi abokai na farko a Hartum waɗanda ba Hausawa ba, ba kuma malaman makaranta ba: wani makanike, wani ɗalibin likitanci, wani mai gasa burodi. Mai gasa burodin ne ya kira ni a makon farko na yaƙi ya gaya mini hanyar da ba a tare ba.

Ƙanena ya saurari duk wannan, ya ɗan yi shiru, sannan ya ce: "To Yaya, yanzu ina za mu fara?" Na ce ranar Alhamis in ya tashi daga shago za mu je wurare biyu da aka kwatanta mana, ɗaya na judo ne ma. Ba za mu ɗauki kuɗi ba. Za mu zauna a bencin baya mu nemo wanda ya zo makon jiya.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mayar da kowa gidansa, ya haɗa 'ya'yanmu da malamai masu amana.